Tallan Motoci Masu Zuƙar Mai ga Yara da Manya

Tallan motoci masu zuƙar mai shi ne dabarun da kamfanonin ƙera motoci da dillalansu ke bi don kwaɗaita wa jama'a manyan motoci masu shan fetur da yawa, musamman jif-jif da manyan a-kori-kura, har mutum ya ga ƙaramar mota ba ta isa ba. Wani ɓangare na wannan talla yara yake dosa, waɗanda ko sitiyari ba su kai riƙewa ba, ta hanyar kayan wasa da wasannin bidiyo da kyaututtukan gidajen abinci. Amurka ce cibiyar lamarin tun daga shekarun 1980, daga can ya bazu duniya, kuma motar Hummer ta kamfanin General Motors ce misalin da ya fi fitowa fili.

Dokar da ta bar ƙofa a buɗe

A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka dakatar da sayar wa Amurka ɗanyen mai, layuka suka cika gidajen mai. Sai majalisar ƙasar ta yi doka a 1975 wadda ta tilasta wa kowane kamfani rage shan man motocinsa. Aka ce zuwa 1985 matsakaicin tafiyar motocin shiga na kamfani ya kai mil 27.5 a galan guda, wato kusan kilomita 11.7 a lita. Amma an sassauta wa ƙananan motocin ɗaukar kaya, bisa hujjar cewa na manoma ne da masu sana'ar hannu. A ƙarshen shekarun 1990 mil 20.7 kawai ake nema daga gare su. Wadda kuwa nauyinta da kayanta ya haura fam 8,500, kimanin kilo 3,850, dokar ma ba ta shafe ta a lokacin ba.

A 1978 aka ƙara harajin musamman a kan motocin da ke zuƙar mai. A tsarinsa na yanzu yana farawa daga dala 1,000 ya kai 7,700 a kan motar da ba ta kai mil 22.5 a galan ba. Shi ma motocin shiga kaɗai ya hau kansu. Jif kuwa a rukunin motocin kaya aka lissafa ta, don haka ta tsira daga harajin, ta kuma samu sassaucin dokar shan mai.

Kamfanonin motocin Amurka da ke yankin birnin Detroit ba su ɓata lokaci ba. Suka riƙa ɗaukar ƙashin a-kori-kura, wanda ba shi da tsadar ƙira, su ɗora masa rufaffen jiki da kujerun fata da na'urar sanyaya iska, su sayar da shi a farashin motar alfarma. Ribar jif guda takan ninka ta ƙaramar mota sau da dama. Jeep Cherokee ta 1984 ta share hanya, Ford Explorer da ta fito a 1990 ta mai da jif motar iyali. Daga baya dokar haraji ta ƙara zuba mai a wutar: a 2003 aka bai wa masu ƙananan sana'o'i damar cire har dala 100,000 daga kuɗin da za a yi musu haraji a kai idan sun sayi abin hawa mai nauyin sama da fam 6,000. Likitoci da lauyoyi da dillalan gidaje suka yi ta amfani da damar, sai a 2004 aka rage ta zuwa dala 25,000 ga jif-jif.

Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka jama'a ne kawai suka wayi gari suna son manyan motoci. Gaskiyar ita ce riba tana wajen babbar mota, don haka can kuɗin talla ya karkata.

Abin da tallan ke sayarwa

Da wuya tallan jif ya yi zancen lita nawa take sha. Abin da ake nunawa shi ne mota ita kaɗai a kan dutse, ko tana keta rafi, ko tana ta da ƙura a sahara, alhali mafi yawan masu sayenta tsakanin gida da ofis da makarantar yara suke zirga-zirga a kan kwalta. Sunayen ma daga tsaunuka da tafkuna da dazuzzuka aka aro su: Tahoe, Yukon, Denali, Sequoia.

Jigo na biyu shi ne tsoro. Ana nuna wa iyaye, musamman mata, cewa hanya cike take da haɗari, kuma wanda ya zauna a sama cikin ƙarfe mai kauri shi ne zai koma gida lafiya. Clotaire Rapaille, Bafaranshen da ya daɗe yana bai wa kamfanonin motoci shawara kan halayyar masu saye, ya shahara da ra'ayin cewa sha'awar rinjaye da kare kai ce ke tura mutum sayen irin waɗannan motoci, ba lissafi ba. Masu zanen motoci suka bi wannan layi, gaban mota ya ƙara tsayi, fuskarta ta ƙara muni da gangan.

Hummer

Asalin Hummer motar soja ce, Humvee, wadda kamfanin AM General ya ƙera, kuma Amurkawa suka santa a talabijin lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991. An fara sayar da ta farar hula a 1992, ɗan wasan fim Arnold Schwarzenegger na cikin waɗanda suka matsa a yi hakan. General Motors ya sayi sunan a 1999, ya fitar da H2 a 2002, sannan H3 mai ɗan ƙanƙanta a 2005.

An rubuta nauyin H2 da kayanta fam 8,600, fam ɗari kacal sama da iyakar doka. Saboda haka kamfanin bai zama dole ya manna takardar shan mai a gilashinta ba. Masu gwajin motoci sun samu tana yin mil 10 zuwa 13 a galan, wato kilomita huɗu zuwa biyar da rabi a lita, tankinta kuma yana cin lita 121.

Tallace-tallacenta ba su ɓoye manufarsu ba. A wani na 2006, an nuna wani mutum a kanti ya sayi awara da ganyaye, na bayansa kuma ya jibge nama da gawayi. Kunya ta kama shi, ya garzaya ya sayi H3, aka rubuta masa cewa ya dawo da mazantakarsa. Ƙorafi ya yi yawa har aka sauya kalmomin.

Me ya sa yara

James McNeal, malamin jami'a a Texas wanda ya yi fice a nazarin kasuwancin yara, ya bayyana cewa yaro kasuwa uku ne a jiki ɗaya: yana kashe ɗan kuɗin hannunsa, yana juya ra'ayin iyayensa a kan abin da za su saya, sannan shi ne mai sayen gobe. Kamfanin mota ba ya buƙatar na farko. Na biyu da na uku yake nema. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya tashi da sunan wata mota a bakinsa ba sai an sha wahalar gabatar masa da ita ba ranar da ya fara karɓar albashi.

Hanyar da ta fi arha ita ce lasisin kayan wasa. Kamfanoni irin su Mattel, mai Hot Wheels da Matchbox, suna biyan kamfanin mota kuɗi don su ƙera ƙaramin kwafin motarsa da tambarinta. Wato maimakon kamfanin mota ya biya kuɗin talla, shi ake biya. Akwai kuma motocin batir na Power Wheels waɗanda yaro ɗan shekara uku ke shiga ya tuƙa a tsakar gida, da siffar Jeep Wrangler ko Cadillac Escalade ko Ford F-150, har da fitilu da tambari a hanci. Wasannin bidiyo na tsere ma da lasisi suke sa motocin gaske. Kamfanonin mai suna da nasu salon: Hess ya fara sayar da motocin wasa masu sunansa a 1964, Chevron ya fito da nasa masu idanu da baki a shekarun 1990, Shell kuma ya daɗe yana haɗin gwiwa da kamfanin kayan wasa na Lego har sai da kamfen ɗin ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ya sa Lego ya sanar da rabuwa a 2014.

Tallan H2 da ya fi shahara, na 2003, yaro ne jaruminsa. Ana tseren motocin katako da yara ke harhaɗawa da kansu, shi kuma ya zo da wata mai kusurwa huɗu mai kama da Hummer, sauran suna masa dariya. Da aka fara gudu sai ya bar hanyar da kowa ke bi, ya yanke ta cikin ciyawa da gangare, ya riga kowa isa. Darasin da ke ciki a bayyane yake: mai wannan mota ba ya bin layin da aka shata wa sauran mutane.

Abin da ya fi tayar da ƙura ya faru a watan Agusta na 2006, lokacin da gidan abinci na McDonald's ya sa ƙananan Hummer iri takwas a cikin ƙunshin abincin yara na Happy Meal. Rahotanni sun ce guda miliyan 42 aka tanada. A daidai lokacin fetur ya kai wajen dala uku a galan, sojojin Amurka kuma suna yaƙi a Iraƙi. Ƙungiyar kare muhalli ta Environmental Working Group ta jagoranci suka, aka buɗe shafin intanet inda mutane ke rubuta saƙon adawa a kan hoton allon McDonald's. Kamfanin ya kare kansa da cewa a idon yaro abin wasa ne kawai. Wannan amsa ba ta gamsar ba, domin General Motors bai ba da sunansa don nishaɗin yara kaɗai ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta riga ta bayyana a rahotonta na 2004 cewa yaran da ba su kai shekara takwas ba ba sa iya gane cewa talla ƙoƙarin shawo kansu yake yi. Abin da aka nuna musu gaskiya suke ɗaukarsa.

Illa

Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama yanayi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce jif-jif sun kai kashi 48 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a duniya a 2023, akwai fiye da miliyan 360 a kan hanyoyi, kuma hayaƙinsu ya haura tan biliyan ɗaya a shekara. Da ƙasa ce su, da ita ce ta biyar wajen fitar da wannan iska.

Akwai kuma illar da ke faɗa wa yaran kai tsaye. Binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka a 2023 ya nuna cewa motar da tsayin gabanta ya wuce inci 40 ta fi wadda ba ta wuce inci 30 ba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ƙaramar mota ƙafafu take bugewa, doguwa kuwa ƙirji ko kai. Direban babbar jif ba ya ganin ƙaramin yaron da ke tsaye dab da hancin motar ko bayanta, kuma sau da yawa a ƙofar gida ake take yaran, mai tuƙin ma ɗan uwa ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun Mayun 2018 dole kowace sabuwar mota a Amurka ta zo da kyamarar baya.

Martani da dokoki

A 2006 kamfanin motoci na Chevrolet ya bai wa jama'a hotunan jif ɗinsa Tahoe a intanet don su haɗa nasu tallan, sai mutane da dama suka cika su da rubutu kan ɗumamar yanayi da yaƙin mai. Amma aljihu ne ya kayar da Hummer. Fetur ya haura dala huɗu a galan a 2008, ciniki ya faɗi, General Motors ya durƙushe a 2009, yunƙurin sayar da sunan ga wani kamfanin Sin ya wargaje, aka rufe shi a 2010. Ya dawo a 2021 a matsayin motar lantarki mai nauyin sama da tan huɗu.

Turai ta fi Amurka tsaurarawa. Faransa ta wajabta wa tallan mota, tun Maris na 2022, ya ɗauki saƙon ƙarfafa tafiya a ƙasa ko hawan keke ko shiga motar haya, kuma dokarta ta 2021 ta haramta tallan motocin da suka fi hayaƙi daga 2028. A Nuwamban 2023 hukumar kula da talla ta Birtaniya ta hana wani tallan Toyota Hilux da ya nuna garken motoci suna keta daji da kogi. Mazauna Paris suka kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 aka ninka kuɗin ajiye manyan motocin baƙi sau uku. Kan yara kuwa, lardin Quebec na Kanada ya hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 13 talla tun 1980, Sweden ta hana na talabijin ga 'yan ƙasa da 12 tun 1991. Amurka iyakar mintoci kawai ta sa wa tallan da ke cikin shirye-shiryen yara a dokar 1990, kuma abin wasan da ke cikin ƙunshin abinci bai shiga wannan lissafi ba.

A Najeriya

Yawancin jif-jif ɗin da ke titunan Kano da Kaduna da Abuja na hannu ne, da yawansu daga Amurka, ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano. Tallan kamfani bai taka rawa sosai a nan ba. Ayarin masu mulki da bidiyon mawaƙa ne suka mai da jif alamar isa, motocin batir na yara kuma suna shagunan birane. Tallafin mai ya daɗe yana rufe ainihin tsadar riƙe irin waɗannan motoci. Bayan cire shi a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A wannan farashi, cika tankin H2 sau ɗaya ya zarce naira 120,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne a wata.