Ma'anar CD4 a takardar gwajin jini

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar Sida zuwa babban asibitin Damagaram, wataƙila ya ga an rubuta CD4 da wata lamba a gefe, kuma sau da yawa akan ninke takardar a sa aljihu ba tare da an san abin da lambar take nufi ba.

CD4 sunan wani furotin ne da ke manne a jikin wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu ya yi kama da na sankira: su ne ke gane cewa cuta ta shigo, su yi shela ga sauran ƙwayoyin garkuwar jiki domin su fito yaƙi. Ƙwayar cutar Sida, wadda masana na Cibiyar Pasteur a Faransa suka gano a 1983, tana da wani ƙulli a jikinta mai suna gp120 da ya dace da CD4 kamar makulli da kwaɗonsa. Bayan ta maƙale, sai ta nemi ƙofa ta biyu, wato wani furotin na daban a jikin ƙwayar jinin mai suna CCR5 ko CXCR4, sannan ta kutsa ciki ta mayar da bayanan halittarta daga RNA, sigar da ta zo da su, zuwa DNA, sigar da ƙwayoyin jikin mutum ke ajiye nasu a ciki, ta dasa su cikin na ƙwayar jinin, har wannan sankira ya koma masana'antar haifar da sababbin ƙwayoyin cuta kafin ya mutu.

Lambar da ke kan takardar ita ce adadin fararen ƙwayoyin jini masu ɗauke da CD4 a kowane milimita kubik na jini. A jikin mai lafiya sukan kai 500 zuwa 1,500, idan kuwa suka faɗi ƙasa da 200 cutar ta yi nisa, kuma a nan ne tarin fuka da makamantansa suke samun hanya.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara maganin ARV, wato mai hana ƙwayar cutar hayayyafa a jiki, da zarar an tabbatar da cutar, ko nawa ne lambar. Abin da ya fi damuna shi ne mai barin magani don lambarsa ta hau, domin cutar takan ɓuya cikin wasu ƙwayoyin CD4 da ke barci, inda magani ba ya kawar da ita, kuma cikin 'yan makonni da daina sha takan sake bayyana a jini.