Hawaye a gidan rasuwa ba raunin imani ba ne

A zaman makoki za ka ga uwar da ta rasa ɗanta ta dunƙule a lungu, ta cusa gefen mayafi a baki don kada a ji shessheƙarta. Wata dattijuwa ta dafa ta: "Haba 'yar nan, ki daina, hawayenki na ƙona shi." Sai baiwar Allah ta koma zargin kanta, wai ko imaninta ne ya yi rauni.

Wannan magana tana ci mini rai, domin ba haka addini ya koyar ba. Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa a Madina, idanun Annabi sun zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, sai Annabi ya gaya masa cewa wannan rahama ce. Annabi Yaƙub kuwa, baƙin cikin rabuwa da Yusuf ne ya sa idanunsa suka yi fari, kamar yadda aya ta 84 ta Suratu Yusuf ta faɗa.

Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yage tufafi da furta kalaman da ke nuna ƙin hukuncin Allah.