'Yan gidajen aljanun tatsuniya da ake yi da tarkace: tambayoyi da amsoshi

Wai su waye ma za su zauna a cikin waɗannan 'yan gidajen?

Babu kowa, ado ne da wasa kawai. A tatsuniyoyin mutanen Ailan da Ingila akwai wasu mitsi-mitsin aljanu masu fukafukai da ake cewa suna zama a kogon bishiya ko ƙarƙashin laimar kwaɗi, to su ake ƙaga wa gida. Abin ma da kwali ya daɗe yana tafiya, don a 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila suka ɗauki hotuna wai ga su tare da aljanun, manyan mutane suka yarda, sai a 1983 suka faɗi gaskiya cewa zane ne a kwali suka yanka suka kafe da fil. A garin Ann Arbor na Amurka kuwa wani Jonathan Wright ya fara yi wa 'ya'yansa 'yar ƙofar aljanu a gida a 1993, zuwa 2005 ƙofofin sun fara bayyana a jikin shagunan garin.

Da me ake haɗawa?

Duk abin da da bola za shi. Kwalbar gilashi ko gorar roba ko gwangwani ita ce gangar jikin gidan, kwalin ƙwai idan ka yayyaga shi ƙanana ka liƙa yana fitowa kamar ginin dutse sak, tsinken sakace da sandar askirim su ne ƙofa da taga da tsani, maɓallin riga ya zama hannun ƙofa, tsohon ɗan kunne ya zama fitila. Abin saye bai wuce gam da fenti ba. Ni dai a ganina wanda ya shiga kanti ya sayo komai sabo fil ya riga ya bar hanya, don daɗin abin shi ne mutum ya tsaya yana yabawa sannan ka ce masa gorar ruwa ce ya ƙi yarda.

To ya ake yi tarkacen ya daina kama da tarkace?

Nan ne aikin yake. Ka fara rufe jikin da takarda da aka jiƙa da farin gam da ɗan ruwa, shafi biyu ko uku, ka bar ramin taga, ka bari ya bushe ƙarau, in ka yi gaggawa ka shafa fenti a kan danshi zai yi fumfuna daga ciki kuma wari zai biyo baya. Sai ka shafe shi duka da fenti mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa, bayan ya sha iska ka ɗebo kala mai haske a buroshi ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa sannan ka riƙa share saman a hankali, tudun zai ɗauki haske ramukan su zauna da duhu, nan take gidan zai tsufa. Kuma kar ka dage sai ya miƙe, rufin da ya ɗan karkace da bututun hayaƙi mai lanƙwasa su ne kyan. Girma ne dai kar ya kuɓuce maka, masu ƙananan gidaje sun fi amfani da ma'aunin 1:12, wato ƙofa mai mita biyu ta dawo wajen santimita 17.

Akwai haɗari?

Akwai fa. Bindigar gam tana wuce digiri 100, tana ƙona yatsa tana narkar da siririyar roba, fentin feshi kuma yana cinye soso irin wanda ake tare kaya da shi a kwali. Kyandir kam kar ya shiga, 'yar fitilar LED ta wadatar, amma batirinta mai kama da kwabo a ɓoye shi sosai, yaro in ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.

Masu yin shi a gaban jama'a fa, ba sa jiran bushewa?

Dabara ce. Suna zuwa da wani an gama liƙe shi, wani an yi masa fentin farko, sai su yi ɓangaren da ke ɗaukar ido a gaban mutane, wasu har da na'urar busar da gashi. Yara suna miƙo tarkace ana soka shi a ginin nan take.

Zan iya ajiye nawa a waje?

A lambunka e, in ka shafa masa banish ka sa shi inda ruwa ba ya dukansa, kodayake kwali bai cika jure damina ba. A daji kuwa a'a, can da ƙirare da ganye da duwatsun da suka faɗo kawai ake yi. A dajin Wayford na Ingila sai da masu kula da wurin suka fara cire 'yan ƙofofi a 2015 saboda sun yi yawa, ana ɗaure su da ƙusa a jikin bishiyoyi masu rai.