Dashen ciyawar ado a kaka, ga amsoshin a wuri ɗaya

Tunda ruwa ya fara ja da baya a nan Jos wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin nan ne dai ake ta juya min su. Don Allah a karanta kafin a kira ni.

Na gani a intanet wai kaka ce lokacin dashe, haka ne?

A Ingila ne wannan, ba a Jos ba. Su bayan kaka ruwa ne da laima, mu kuwa ruwa na ɗaukewa a Oktoba, Nuwamba hunturu ya shigo ya busar da komai. Lokacinmu farkon damina ne, ƙarshen Afrilu zuwa Yuni.

Tsakiyar ciyawata ya bushe, gefe ne kawai kore. Ta mutu?

Ba ta mutu ba Hajiya, tsufa ne. A tono ta da damina, a yar da tsakiyar, a rarraba gefen. Duk shekara 3 ko 4 ake yi.

In zuba mata takin zamani bayan dashe?

A'a. Saiwar da aka ji wa rauni ƙonewa za ta yi.

Zan tashi daga gidan haya a Nuwamba, ba zan iya barin ta ba, yaya zan yi?

To wannan ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, ya danganta. Na farko akwai ruwa a inda za ka koma? In akwai rijiyar da ba ta ƙafewa ko bohol za a iya gwadawa, in kuma 'yan garuwa za ka dogara da su har Afrilu gaskiya ka bar wa mai shigowa ita ya fi alheri. Sannan wace iri ce, jema da ciyawar shayi suna da juriya, galibi suna kamawa, amma jar nan mai geza kamar wutsiyar kyanwa ba ta son sanyi, kuma ka san daren Disamba a Jos, tudun nan ya kai mita 1,200. Ita ba zan yi maka alkawari ba. In dai dole ne, ka jiƙa gindin tun ana gobe za ka tono, ka aske ganyen ka bar kamar taƙin hannu ɗaya, ka tono da yamma da ƙasarta a jiki kar ka kakkaɓe, ka naɗe da jiƙaƙƙen buhu ka kai ta a ranar. Kar a binne ta fiye da yadda take a da, gindin ruɓewa yake. Idan ƙasar sabon gidan tsakuwa ce ko irin ta tsoffin ramukan kuza wajen Bukuru da Rayfield, ni da zan sa ta a babban bokiti mai huji a ƙasa, da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen takin shanu kaɗan, in ajiye jikin katanga inda iska ba ta dukanta, sai ruwa ya sauka in dasa. Ban ruwa kullum sati 2 na farko, daga nan a rage. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa yana riƙe laima amma yana jawo gara, sai ana dubawa. Duk da haka wata za ta tafi, kar ka ce ban faɗa ba.

Na ga wata mai farar fure a bakin hanya, in tono?

Haba Malam, in tofa ce ka jawo wa kanka aiki. Saiwarta bi take ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye fulawoyinka har na maƙwabta, guntu ɗaya ya rage sai ta dawo. Sau nawa zan faɗa.

Pamfas, doguwar ciyawar adon nan mai geza, ta yanke ni a hannu.

Gefen ganyenta kamar zarto yake. Safar hannu da riga mai dogon hannu.

Na riga na dasa, ganyen duk ya bushe.

Kwantar da hankalinki 'yar uwa, kar ki tumɓuke. Ki buɗa gindin ki duba, in akwai kore ko kaɗan ne tana da rai. Ki ci gaba da ba ta ruwa, ki jira ruwan Afrilu.