Waiwaye: mayun Kojo Laing ba yau suka fara tashi ba

Gardamar da ake tafkawa a majalisarmu ta unguwar Aboabo ta ƙi ƙarewa. Wasu sun dage cewa littafin da ke cuɗa mayu da aljanu cikin zaman yau da kullum sabon yayi ne da yaran intanet suka kwaso daga waje. Ni kuwa nakan ce su nemi Kojo Laing, marubuci ɗan Ghana, tukuna.

A nan Kumasi aka haife shi a 1946. Yana yaro aka kai shi karatu Sikotilan, ya gama Jami'ar Glasgow, ya dawo ya yi aikin gwamnati, daga baya ya riƙe makarantar da mahaifiyarsa ta kafa a Accra. Ya rasu a 2017.

Abin da ake tsallakewa shi ne lokacin da littafinsa na farko, Search Sweet Country, ya fito. A Landan aka buga shi a 1986. Labarin Accra ne ta 1975: mayu na shawagi a sararin birni, a ƙasa kuma talaka na fama da rayuwa. Turancin nasa ma ya sha haɗi da kalmomin gida, har sai da aka sa fassararsu a ƙarshen littafin. To, wa ke da kuɗin littafi a lokacin? Shekara 3 kacal da 1983, shekarar fari da gobarar daji da ta cinye gonakin koko, ga mutum kusan miliyan 1 sun dawo daga Najeriya niƙi-niƙi da jakunkuna. Ina iya tuna mahaifiyata tana auna garin masara da gwangwanin madara, tana shafe bakinsa da yatsa don kada ya yi tozo. Kuɗinmu sidi ya faɗi, littafi kuma kuɗin fam ne. Sai aka yi ta yabon mutumin a waje, mu 'yan garinsu ko sunansa ba mu ji ba.

Haka Woman of the Aeroplanes na 1988 ya wuce mu, alhali garin Tukwan da ke ciki, inda mutane ba sa mutuwa, ƙamshin Kumasi yake yi.

Ni kaina a gefen titin kasuwar Kejetia na tsinci nawa kwafin, rana ta ci bangonsa. Na tambayi kuɗi, mai kayan ya ce, "Malam, kawo abin da ya sawwaƙa, ya daɗe yana cin mini wuri."