Hawan dutsen Tubkal tsakanin Afrilu da Yuni: amsar tambayoyin da ake ta yi min

Tun da na hau dutsen Tubkal na Maroko a cikin watan Mayu mutane ke ta jefo min tambayoyi, galibi ɗalibanmu da ke karatu a can, sai kuma masu zuwa ziyara Fas da ke son su ɗan ƙara da yawon buɗe ido kafin su dawo gida. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ne na ce bari in tara su wuri guda.

Wai ina ne ma dutsen yake, kuma tsayinsa nawa?

Yana cikin tsaunukan Atlas ne, kudu da birnin Marrakesh. Tsayinsa mita 4,167, duk arewacin Afirka ba wanda ya kai shi. In kana son ka gane girman abun, Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Daga Marrakesh ana shiga tasi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, a bi ta Asni a sauka wani ƙauye Imlil, mita 1,740. Daga nan ƙafa ke ɗauka. Rana ta farko ana takawa awa biyar ko shida zuwa masaukin mahaya dutse a mita 3,207, a kwana, washegari a haura ƙololuwa cikin awa uku zuwa huɗu.

Afrilu fa muke magana, lokacin da zafi ke gasa mu. Wace irin ƙanƙara kuma ake cewa ana samu a dutsen?

To nan ne kanmu ke ɗaurewa. Mu in an ce Afrilu abun da ke zuwa mana a rai shi ne bazara, kwana a tsakar gida, jiran NEPA, ruwan randa ya koma kamar na shayi. Su a can lokacin ne sanyin hunturunsu ke fara ja da baya, kuma ba lokaci ɗaya yake barin ko'ina ba, daga ƙasa yake farawa yana hawa sama sannu a hankali. Lissafin mai sauƙi ne: duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Marrakesh ba ta kai mita 500 ba, kusan daidai da Kano. Tsakaninta da ƙololuwar Tubkal akwai wajen mita 3,700, kaga ke nan bambancin ya kai digiri ashirin da wani abu. Ranar da kake yawo da 'yar shet a kasuwar Marrakesh ana digiri 25, a saman dutsen ruwa na gab da daskarewa da rana tsaka, balle da asuba, balle in iska ta taso.

Ni abun da ya fi ba ni mamaki shi ne a yini ɗaya sai ka ratsa yanayi kala uku. A Imlil itatuwan goro irin nasu da tuffa da ceri sun yi kore shar, ruwa na gudu a magudanan gonaki. Ka wuce ƙauyen Arumd sai duwatsu tsurarsu da rana mai ƙuna, ka cire jaket kana gumi. Kafin ka isa masauki kuma ga farar ƙanƙara shimfiɗe a gabanka.

Akwai bambanci ne sosai tsakanin Afrilu, Mayu da Yuni?

Sosai ma. Afrilu dai ka ɗauka hawan hunturu za ka yi, galibi daga masauki har sama dusar ƙanƙara ce, wata shekarar ma tun kafin masaukin, kuma sabuwa na iya zubowa a dare ɗaya ta shafe sawun hanya gaba ɗaya. Alfadaran da ke ɗaukar kaya ba sa shiga cikinta, inda ta fara nan suke tsayawa, sauran tafiyar ko ka goya jakarka ko ka biya ɗan dako. A watan ne kuma ake tsoron zaftarewarta daga gangare, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan ta zubo da yawa sannan rana ta buɗe.

Mayu shi ne mai yaudara. Ƙasa ta bushe, alfadari na kaiwa har ƙofar masauki a yawancin shekaru, sai mutum ya saki jiki, alhali kwarin da ake bi a haura yana nan cike. Zuwa Yuni akasari ta narke sai 'yan ragowa a lungunan da rana ba ta shiga, abun da ya rage shi ne tsakuwa da ɓaraguzan dutse masu zamewa, ka taka uku ka koma ɗaya. Amma fa kowace shekara da halinta. Shekarar fari, kuma Maroko ta sha fari a 'yan shekarun nan, dutsen na iya tsiraicewa da wuri, wata shekarar kuma a ga fari fat har ƙarshen Mayu. Shi ya sa kar ka dogara da hoton da wani ya ɗauka bara, ka sa a tambayo maka masu kula da masaukin a satin da za ka tafi.

Me ya sa ake tashin mutane ƙarfe huɗu na asuba? Ba gara a jira gari ya waye a ɗan ji ɗumi ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a fahimta, don a wannan lokacin na shekara agogo ya fi kalanda muhimmanci. Dusar ƙanƙarar da ka taka da asuba da wadda za ka taka da azahar wallahi kamar ba abu ɗaya ba ne. Da rana samanta na narkewa, da dare ya sake daskarewa ya yi tauri kamar siminti. To da asuba in kana da ƙarafunan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi haƙoransu na kama ta ƙam, tafiya na yin daɗi, ba ka nutsewa. Da rana ta haska kwarin, wajen goma zuwa sha ɗaya, sai ta fara laushi, zuwa azahar ta zama kamar kunun da ya kwana, ka taka ƙafa ta shige har gwiwa, ka zaro ta ɗayar ta shige, ga duwatsu a ƙarƙashi ba ka ganinsu, nan ake samun targaɗe da karaya. Duwatsun da ƙanƙara ta riƙe da dare su ma lokacin suke sakewa su gangaro. Sannan gajimare da hadari galibi da yamma suke haɗuwa.

Mu mun fita wajen huɗu da rabi da tocila a goshi, muka tsallake rafin da ke bayan masaukin, muka kama gangaren farko wanda shi ne ya fi tsayuwa a miƙe. Muna saukowa wajen sha ɗaya muka haɗu da wasu samari da suka yi barcinsu suka ƙoshi, yanzu suke hawa, kowa wandonsa ya jiƙe sharkaf har cinya. Ban ce musu komai ba amma jagoranmu ya tsaya ya yi musu magana da yarensu, daga yadda yake nuna sama da hannu na san ba yabo ba ne.

Waɗanne kaya ne dole?

Takalmi mai tauri mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, ba kambas ɗin zuwa filin ƙwallo ba. Sai ƙarafunan nan masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, kiramfon suke ce musu, da ɗan gatarin ƙanƙara da ake dogarawa, wanda in ka zame kake caka shi ka tsayar da kanka. Duk ana bayar da hayarsu a shagunan Imlil, ba sai ka saya ba, amma ka gwada su a kan takalminka tun a shagon, kar ka bari sai cikin duhu da daskararrun yatsu. Kuma riƙe gatarin ba shi ne iya aiki da shi ba, ka ce wa jagora ya koya maka da yamma a gefen masauki, minti talatin ya isa ka kama bakin zaren.

Tufafi kuma a jera su ake yi, ta ciki, suwaita, sannan jaket mai tare iska, don ka riƙa cirewa kana mayarwa. Safar hannu, hular sanyi, tocila, ruwa kamar lita biyu. Dabino ma ka cika aljihu da shi, ya fi biskit amfani.

Ina ne wurin da ya fi haɗari?

Kusa da ƙarshe. Bayan ka kai wata 'yar mashiga a wajen mita 3,900 da ɗoriya sai hanya ta karkata hagu ta bi gefen tudu, a wani wuri ta ratsa saman gangare mai zurfi. In babu ƙanƙara tafiya ce kawai. In akwai ta kuma ta daskare, zamewa ɗaya ta isa, an rasa rayuka a dutsen nan ta wannan hanyar. Kuma dama hangen Dala ba shiga birni ba ne, kana hango dalar ƙarfen da aka kafa a ƙololuwa sai zumuɗi ya kwashe ka ka manta da ƙafarka. In iska ta yi ƙarfi har tana tura ka, ko jagora ya ce a juya, a juya ɗin.

Ni ina motsa jiki kullum, ciwon tsayi zai kama ni?

Zai iya, ba ruwansa da ƙwanji. Daga mita 2,500 yake fara taɓa mutane, a mita 4,000 kuwa iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya kamar kashi 60 cikin 100 ce ta wadda ake samu a bakin teku. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin son abinci, barci ya ƙi zuwa. Matsalar Tubkal ita ce saurin da ake yi, mutum ya karya a Marrakesh ya kwana a 3,207, jiki bai samu ya saba ba. In da hali ka kwana ɗaya ko biyu a Imlil tukuna, sannu ba ta hana zuwa. In ciwon kai ya ƙi jin magani, ko amai ya fara, ko mutum na tangaɗi kamar ɗan maye, ko numfashi na yi masa wuya yana zaune, maganin ɗaya ne, a sauko da shi nan take ko da dare ne.

Ga wata magana da ta shafe mu kai tsaye, sikila. Mai SS kada ma ya fara. Mai AS, waɗanda muke da su da yawa kuma wasu ba su ma san suna da shi ba, shi ma ƙarancin iska a irin wannan tsayin na iya taɓa masa saifa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ka san jininka, ka ga likita kafin ka biya kuɗin jirgi.

Baƙar fata ma sai ta shafa man kare rana?

Eh mana. Ni na yi wannan taurin kan, hancina da leɓena sai da suka yi saɓa. Amma ido ya fi fata abun tsoro, don farar ƙanƙara na dawo da hasken rana cikin ido daga ƙasa, kuma a lokacin ba za ka ji komai ba sai dare ya yi ido ya kama raɗaɗi kamar an zuba yashi, hawaye na zuba ba ka iya buɗewa. Baƙin tabarau na gaske mai tare hasken, ba na ado ba.

Dole sai da jagora? Kuma mace za ta iya?

Dole ne. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, a watan Disamba 2018, hukuma ta ce ba mai hawa sai da jagora mai lasisi, kuma akwai shingen jami'an tsaro a hanya inda ake duba fasfo, don haka kar a bar shi a otal. Jagororin 'yan ƙabilar Amazik ne na Atlas, dangin Abzinawa, a gindin dutsen aka haife su, kuma girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta yi wa yankinsu ɓarna sosai, kuɗin da za ka ba su yana da inda zai shiga.

Hajiya ke kuma da kika tambaya, mata na hawa kullum, na ga masu hijabi a sama. Ki dai sa wando mai kauri, doguwar riga na iya maƙalewa a haƙoran kiramfon ta kayar da ke. Ɗakunan kwanan masaukin na taro ne, gadaje a jere, in kina son keɓewa ki nemi a tanadar miki tun kafin ki zo.

Sallah fa, da alwala a wannan sanyin?

Ba matsala, ƙasar Musulmi ce, jagoran naka ma ƙila shi zai ja ku. Ka roƙi ruwan ɗumi a kicin ɗin masauki, ka yi alwalarka kafin ka sa safa da takalmi. Asuba na iya riskarku a hanya tunda da duhu ake fita, sai ku shirya da jagora inda za a tsaya. A rabin hanyar ranar farko kuma akwai wani wuri Sidi Shamharush, wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, mutanen yankin na danganta shi da sarkin aljanu, masu neman waraka na zuwa da dabbar yanka. Ni dai lemon matse na sha a shagunan wurin na ƙara gaba.

To a ƙarshe wane wata zan zaɓa?

In ba ka taɓa taka ƙanƙara ba kuma burinka kawai ka kai sama ka dawo lafiya, ka bari sai tsakiyar Yuni. Yini ya yi tsawo, sanyi ya yi sauƙi, cunkoson Yuli da Agusta bai fara ba, haka ma hadarin yamma mai kawo ambaliya a kwaruruka, irin wadda ta kashe mutane da yawa a kwarin Urika a Agustan 1995, bai kai ƙarfinsa ba. In kuma farar ƙanƙarar kake son gani da idonka, to farkon Mayu zuwa tsakiyarsa, da kiramfon da jagoran kirki. Afrilu a bar wa waɗanda suka saba. Ko wanne ka zaɓa ka ware kwana ɗaya na rara a tsarinka, saboda in iska ta hana hawa ranar da ka tsara kana da gobe, kuma ka kama gado a masauki da wuri, a ƙarshen mako cika yake yi.