Aikin ba da shawara ga masu shaye-shaye

Aikin ba da shawara ga masu shaye-shaye sana'a ce ta zama da mutumin da giya ko ƙwaya ta fi ƙarfinsa, a saurare shi, a tsara hanyar rabuwa da abin tare da shi, sannan a ci gaba da bibiyarsa bayan an sallame shi daga asibiti. Mai wannan aiki galibi ba likita ba ne, don haka ba ya rubuta magani, sai dai yana aiki kafaɗa da kafaɗa da likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya.

Tarihi

Sana'ar ta samo asali ne a Amurka, kuma waɗanda suka fara ta mutane ne da su kansu suka sha wuyar giya kafin su rabu da ita. Ana yawan ambaton Courtenay Baylor, wanda wajen 1913 ya fara karɓar mashaya a wani shirin coci a birnin Boston, a matsayin na farko da ya mayar da abin aikin yi ba tare da takardar likita ba. A 1935 Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, inda mashaya ke taimakon juna su daina sha, a Akron ta jihar Ohio, bisa fahimtar cewa mashayi ya fi buɗe cikinsa ga wanda ya taɓa shiga halin da yake ciki.

A farkon shekarun 1950 asibitin gwamnati na Willmar a jihar Minnesota ya ɗauki tsofaffin mashaya aiki, ya zaunar da su tare da likitoci ana tattauna lamarin majinyata, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Cibiyar jinyar mashaya ta Hazelden, wadda aka buɗe a 1949, ta yaɗa tsarin. Dokar 1970 da Sanata Harold Hughes ya jagoranta, shi ma tsohon mashayi, ta kawo kuɗin gwamnati, daga nan kuma aka shiga neman horo da takardar shaida.

Ba duk abin da aka gada ne alheri ba. Ƙungiyar Synanon, da aka kafa a 1958, ta yi suna wajen zaunar da mai shaye-shaye a tsakiyar jama'a ana ci masa mutunci da sunan gyara, kuma salon ya shiga cibiyoyi da dama kafin a gane ɓarnarsa. A 1983 masanin halayyar ɗan Adam William Miller ya gabatar da wata hanyar hira wadda ma'aikaci ke yin tambaya cikin natsuwa har mutum ya faɗi dalilinsa na son dainawa da bakinsa.

Yanayin aiki

Yawancin ranar ma'aikaci tana tafiya ne a zaman mutum ɗaya, zaman rukuni, ganawa da iyaye ko matan majinyata, da cike takardu. Abin da ya fi cin rai shi ne komawa gidan jiya: matashin da aka sallama watanni baya ya dawo ido jajur, murya na ja, mahaifiyarsa riƙe da hannunsa, ma'aikaci kuma ya sake buɗe fayil ɗinsa ba tare da faɗa ko gori ba. Wannan haƙuri shi ne ainihin gwanintar, kuma da wuya albashi ya yi daidai da shi. Gajiyar zuciya na sa da yawa su bar aikin.

Har yanzu ana saɓani kan ko wanda ya taɓa shaye-shaye ya fi mai takardar jami'a iya aikin.

A Najeriya

Hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara, haka ma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Aro a Abeokuta da na Barnawa a Kaduna. Binciken da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda. Ƙarancin ƙwararru na cikin dalilan da ke sa iyaye kai 'ya'yansu gidan mari, kuma a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa.